Hannun da Isufu Ya Tsame Daga Akushi

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Daga mahaifinka Mamman zuwa gare ka, Abba. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya kai ka Damagaram lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya haɗa ka da mutanen kirki a biro, wato ofishin da za ka kama aiki. Amin.

Bayan haka, na san za ka yi mamaki. Muna gida ɗaya, danga ce kawai tsakanin ɗakina da naka, amma na aiko maka da takarda ta hannun innarka kamar wanda yake Kano. Ka yi haƙuri. Kai ɗan fari ne, kuma sunan tsohona aka sa maka. Shekara ashirin ke nan ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Haka muka tarar, haka muka yi. To yau maganar ta fi ƙarfin kunya, bakina kuma ya ƙi buɗuwa, shi ya sa na ɗauko alƙalami. Rubutuna na allo ne, in ka ga tawada ta zuba ka bi a hankali.

Ba zancen gona ko na shanu zan yi maka ba. Labarin baffanka Isufu zan ba ka. Lokacin da ya rasu kana lakwal, makarantar boko, a Magaria, da ka zo hutu aka ce maka ajali ne. Gaskiya ne, ajali ne. Amma akwai hannuna a ciki, kuma shekara tara ke nan ban faɗa wa kowa da bakina ba.

Isufu ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan rasuwar tsohonmu muka ci gaba da gandu tare, gona ɗaya, garke ɗaya, akushi ɗaya. Ka tuna shi ai, ƙato, mai dariya kamar tsawa. In an yi gayya a ƙasar Bande shi ake sawa gaba, kuma in an kawo tuwo shi ne na ƙarshen tashi. Innarka takan ce in Isufu ya ci ba sai an wanke akushi ba. Shi kuma ya ce, "Ai laifin miyarki ne, matar Yaya."

Ka san yadda muke a gidan nan. Babba ne yake fara tsame hannu ya bar wa ƙarami saura. In ƙarami ya riga babba tashi, to magana ya yi ba da baki ba. Ina yaro na ga ƙanen tsohonmu ya yi haka wata guda cur, rannan sai ya tara dattawa ya ce a raba gandu. Abin ya zauna mini a kai tun daga ranar.

To wata bazara sai Isufu ya fara. Loma uku, in ya yi yawa huɗu, sai ya tsame hannu, ya ce alhamdu lillahi, ya tashi ya nufi bayan garke. Ranar farko na ce ko fura ya sha. Rana ta biyu na yi shiru. Da aka yi kwana goma sai na ce a raina, to, Isufu, ashe kai ma ka girma, gonarka kake so. Wallahi, Abba, muna zaune gwiwa da gwiwa, ina jin numfashinsa, amma ban taɓa buɗe baki na ce masa "lafiya?" ba. Kalma ɗaya tak! Na zauna ina lissafa lomominsa kamar mai gadin rumbu, ina kumbura, ina jiran ranar da zai furta.

Ka ji ni da kyau. Mutane suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni na tambayi fuska, na tambayi hannu, duk ƙarya suka yi mini. In ka ga wanda kake zaune da shi ya canja, a biro ne ko a gidan da za ka sauka, kada ka zauna kana fassara shi kai kaɗai. Ka tambayi bakinsa. In ya ce ba komai, ka bari a kwana ka sake tambaya. Girmanka ba zai zube ba.

Ana nan sai ranar kasuwar Sassumbrum na je neman kanwar shanu. Ina ratsa rumfuna sai na hango Isufu tsugune bayan wata mai koko, ya riƙe ƙwarya yana kurɓar tsararo, ruwa-ruwa, irin wanda ake ba jinjiri. Mutumin da ya bar tuwon gero da miyar kuka da man shanu a gida! Wani dillalin awaki da ke gefena, Allah Ya yafe masa, ya bi idona da kallo, ya kwashe da dariya ya ce, "A'a, Mamman, ƙanenka ya daina cin na gida ne? Ko hannun matarka yake tsoro?"

Sai na ji kamar an watsa mini barkono. Wato har ta kai a ce innarka tana sa wa mutum wani abu a tuwo? Na taka har inda yake, a gaban jama'a, na ce, "Isufu, tuwon gidanmu dafi ne?"

Ya ɗago a firgice ya ce, "Haba Yaya, ba haka ba ne."

Na ce, "To yaya ne?"

Ya buɗe baki, ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya yi wani ɗan busasshen tari, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Shi ke nan, na ji amsa."

Ka ga wautar? Na yi masa tambayar, amma a tsakiyar kasuwa, da murya irin ta mai neman faɗa. Wa zai faɗi ciwonsa a gaban dillalai? Da na ja shi gindin gawo mu biyu, da Allah kaɗai Ya san abin da zai faɗa mini. Kada ka taɓa tuhumar naka a bainar jama'a, Abba. Kuma ka yi hankali da mai yi maka ba'a a kan gidanku. Shi dariyarsa zai yi ya wuce, kai za ka koma gida da wutar.

Kafin ruwan shuka na tara dattawa da kaina na ce a raba gandu. Ni na ce, ba shi ba. Matarsa Zulai ta leƙo daga bakin zaure ta ce, "Yaya, don Allah da ka bari in yi magana." Isufu ya ce, "Ke, koma ciki." Ni kuma na ƙara da cewa mace ba ta shiga zancen gandu. Na ba shi gonar jigawa mai nisa, da shanu biyu, ya je ya kafa bukkoki a can. Da zai tafi ya durƙusa ya ce, "Yaya, a yafe mini." Na ce, "Allah Ya ba da sa'a," ina kallon wani wuri.

Damina guda ban taka wurinsa ba. Tafiyar da ba ta kai daga hantsi zuwa azahar ba. Ana cewa zumunta a ƙafa take, ni na ɗaure tawa ƙafar da igiyar fushi, ina cewa shi ne ƙarami, shi ya kamata ya zo. In an ce mini an ga gonarsa ta yi ciyawa sai in ce ai shi ya so cin gashin kansa.

Ranar da muke ɗaurin dammunan gero, rana tsaka, sai ga Zulai a gona, ba ko mayafin kirki, ƙafa duk ƙaya. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Yaya, in kana so ka tarar da ƙanenka da rai, ka taso yanzu."

Na bi ta. Muka isa, ta wuce ciki ɗebo ruwa. A inuwar bukka na ga wani tsoho zaune bisa tabarma, ya jingina da turmi, wuya kamar na zalɓe, idanu sun faɗa, riga ta yi masa yawa har tana zamewa daga kafaɗa. Na ɗauka wani baƙo ne daga dangin Zulai. Na rusuna na ce, "Sannu baba. Ina maigidan?"

Ya ce, "Yaya, ni ne."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Abba, na zube a ƙasa. Muryar ce kaɗai ta Isufu. Ƙanena, wanda na goya, wanda na bai wa shekara shida, na kira shi baba! Na kama hannunsa, wannan hannun da yake juya garma kamar ludayi, na ji ƙashi zalla. Har yau in na rufe ido ina jin sa a tafina.

A nan Zulai ta faɗa mini abin da na hana ta faɗa. Tun waccan bazarar, in ya ci loma uku sai cikinsa ya cika tam kamar ya ci akushi guda, ya yi ta ciwo a nan ƙasan ƙirji. Fitar da yake yi bayan garke, amai yake zuwa yi, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe don kada a gani. Abu mai ruwa ne kaɗai yake ɗan zama, shi ya sa yake laɓewa a kasuwa yana shan koko. Da wannan jikin ya yi noman damina shi kaɗai.

Na ce, "Isufu, don girman Allah, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Tarin nan ne, Yaya. Na ji tsoro a ce tarin fuka ne, a ware mini ƙwaryata daban. Tun ina yaro da kai nake ci. Na ce gara in zauna in yi loma ukun tare da kai."

Ka ji fa. Ni ina cewa so yake ya rabu da ni, ashe shi duk wahalar da yake sha don kada a raba mu ne. Na yi kuka a gaban matar ƙanena, ban ji kunya ba.

Da ma a nan wautata ta tsaya! Na ɗauko shi a amalanke na dawo da shi gida, sai mutane suka cika zaure, kowa da nasa. Aka ce sammu ne, an ba shi a abinci, sai an amayar da shi. Ni kuma da na riga na ji laifi, duk abin da aka ce sai in yi. Na kai shi wurin wani mai magani wajen Dogo-Dogo, aka yi ta ɗura masa saiwoyi masu sa amai har mako uku. Dubi hankali! Mutumin da amai yake kashewa, na kai shi a ƙara masa amai. Ranar da mai maganin ya nuna mini wani baƙin abu a kasko ya ce shi ne ya fito, ranar Isufu ko zama ba ya iya yi. Ban ce ka raina rubutu ko addu'a ba, kada ka ji ni ba daidai ba, da su muka tashi kuma da su za mu koma. Amma ciwon da ya wuce wata guda yana cin naman mutum, a kai shi inda za a duba, a yi addu'ar a can.

Daga ƙarshe majo, babban mai allura na Magaria, ya gan shi ya riƙe baki. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya rubuta mana takarda, muka hau kamyo, babbar motar gyaɗa, zuwa Damagaram. Lokotoro, wato likita, wani Bature, ya ce sai an tsaga cikin. Bayan an yi aikin ya kira ni, tafinta yana juya mini. Ya ce bangon tumbin ya yi kauri ya yi tauri kamar fatar da ba a jeme ba, ga wasu ƙananan gudaji a jikinsa kamar tsabar gero, ƙofar da abinci yake bi ya wuce hanji kuma ta tsuke, ko kara sai da ƙyar. Ni mai shanu ne, na san tumbi, na gane abin da yake nufi. Ya ce ya yanki ɗan kaɗan zai aika wani babban gari a bakin teku a duba, don shi ma bai tabbatar ko mene ne ba. Sai ya tambaye ni tun yaushe mutumin nan yake haka. Na ce tun bazarar da ta wuce. Ya dube ni, ya dube ni. Da ma zagina ya yi.

Isufu ya kwana shida bayan aikin. A can muka binne shi.

Bayan an yi sadakar arba'in da 'yan kwanaki majo ya aiko a kira ni, ya ce amsa ta zo. Ya karanta yana juya mini da Hausa. Ba tarin fuka ba ne. Ba ciwon daji ba ne. Ba dafi, ba sammu. Sunansa sarkoyidos, na sa ya maimaita mini har na riƙe. Ya ce jiki ne da kansa yake tara waɗannan gudajin, ba a san dalili ba. Ya fi kama huhu, ko fata, ko ido, kama ciki kuwa ba kasafai ake gani ba. Na ce ana ɗauka a akushi? Ya ce ko kusa, ko da moɗa ɗaya kuke sha. Na ce to kisa yake yi dole? Ya ce a'a, da yawa suna tsufa da shi. Ya ce, "Malam Mamman, ramar ce ta ci ɗan'uwanka. Jikin ba shi da sauran ƙarfin ɗaukar wuƙa."

Wato yunwa. Yunwa ce ta kashe Isufu, a shekarar da na cika rumbu uku.

Da zan fita majo ya ƙara wata magana. Ya ce wani lokaci akan ga ciwon a dangi ɗaya, ba kullum ba, amma in lura. Na karɓi takardar na sa a gafaka, ban ƙara buɗe ta ba.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauko alƙalami.

Mako uku ke nan da ka dawo gida kana jiran tafiya. Ba ni nake ci da kai ba, da ƙannenka kake ci, amma daga inda nake zama ina hango ku. Na ga kana riga yara tashi. Na tambayi innarka, ta ce ko furar da take dama maka rabi kake sha, tuwo kuwa sai ka taɓa ka bari. Ka san abin da na ce? Na ce, "Ai shi ke nan, ya ci abincin lakwal, ya zama komi, malamin biro, tuwonmu ya yi masa ƙauyanci." Wallahi haka na ce. Har na shirya maganar da zan sa a faɗa maka kan girman kai, da cewa kowa ya raina tukunyar uwarsa ba zai ga daidai ba. Ni, Mamman, wanda ya kira ƙanensa baba! Shekara tara ina istigfari, ashe ban koyi komai ba.

Jiya da la'asar na zagaya bayan garke duba maraƙin nan mai ɗingishi. Sai na gan ka. Ka dafa turke, ka sunkuya. Da ka gama ka miƙe, ka waiga hagu da dama, ka sa ƙafa ka tura ƙasa ka rufe. A wurin nan dai, Abba. Turken ma kusan shi ne.

Na maƙale a bayan rumbu kamar ɓarawo, na kasa ko motsi. Da ka tafi masallaci na shiga ɗakinka, abin da ban taɓa yi ba. Na ga ɗamarar fatar da kake ɗaure wandon Turawanka da ita a rataye. Akwai huda biyu sababbi, da basilla aka yi su, ba aikin baduku ba ne. Na zauna a bakin gadonka ina ta salati.

Ban ce ciwon baffanka ne ba. Ni ba lokotoro ba ne. Wataƙila tsutsar ciki ce, wataƙila wani abu ne da allura biyu za su kore, Allah Ya sa haka. Amma na san wannan ɓoyon, na san inda yake kai mutum. Na kuma san abin da kake tsoro. Kana tsoron in an ji ba ka da lafiya Bature zai ba wani kujerarka, bayan duk shekarun da ka sha a lakwal. Kana tsoron innarka ta tashi hankalinta. Wataƙila ni ma kana tsorona, don ban taɓa ba ka fuskar da za ka kawo mini kuka ba. Haba ɗana! Kujera ta tafi mana. In duk birorin Damagaram za su rufe maka ƙofa, ga gona, ga shanu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga takardar baffanka na naɗe a cikin wannan. Kai ka iya Faransanci, ka karanta da idonka. In ka sauka daga kamyo kada ka fara da biro. Ka fara da gidan likita, ka miƙa wa lokotoro ita, ka ce wannan ƙanen ubana ne, ni kuma ga abin da nake ji. Ka faɗa duka, tun ranar da ya fara, da aman, da ramar, da tari in akwai. Kada ka rage komai don a ce kai jarumi ne. Jarumtar gidan nan na ga ƙarshenta a kan tabarma, jingine da turmi. In sun ce ka kwanta, ka kwanta, ka aiko direba ya faɗa mini. Zan bar girbi in zo, ko tsuntsaye za su cinye geron duka.

Kuma in ka gama karantawa kada ka ɗaure kaya tukuna. Kamyo ba ya isowa Bande sai hantsi ya yi. Ina zaure. Na sa innarka ta dama koko mai ruwa-ruwa a ƙwarya ɗaya, da ludayi biyu. Ka zo ka zauna kusa da ni. In kurɓa ɗaya za ka iya, ka yi ɗaya ka ajiye, ba wanda zai ƙirga maka. Ba zan fassara hannunka ba. Tambayar da na hana ƙanena har ya mutu, ita zan yi maka, kuma da sunanka na yanka zan yi ta, duk wanda zai ji ya ji.

Haruna, lafiya?

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa abin ya zo da sauƙi. Allah Ya kai ka, Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Allah Ya jiƙan Isufu, Ya sa ya yafe mini. Ina jiranka, kokon yana hucewa.

Mahaifinka,
Mamman